Ciwon Zuciyar Littafi Da Na Gaskiya

Yau ban zo muku da ci gaban labari ba, laifina na zo in amsa.

A littattafan da na rubuta, 'yan mata uku na kwantar a asibiti da ciwon zuciya. Kun dai san yadda muke yi: a hana yarinya wanda take so, ta dafe ƙirji ta yanke jiki ta faɗi, likita ya cire tabarau ya ce zuciyarta ta kumbura, a guji ɓata mata rai. Ana ɗaura aure sai ta miƙe garau. Ban taɓa tambayar likita ko ɗaya ba kafin in rubuta.

Kwatsam sai ciwon ya shigo gidanmu. Wata biyu da haihuwar ƙanwata ta huɗu, ƙafafunta suka kumbura, in ka danna sai wurin ya lotsa. Barci sai a zaune da filo uku, daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta tsaya ta huta. Muka ce wahalar jego ce. Da aka yi hoton zuciya, likita ya ce ɗakin hagu na ƙasa, mai tura jini zuwa duk jiki, shi ne ya saki, shi ya sa ruwa ke taruwa a huhunta. Ya ce wannan ciwo na bayan haihuwa ya yi yawa a Arewa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa. Ita kuwa babu wanda ya ɓata mata rai.

Na ce, "Likita, in magani ya gaza fa?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce a ƙasashen waje ana dashen zuciya, wanda ba zai samu dashe ba kuma a sa masa famfo. Tun daga ranar na duƙufa karatu a kan wannan famfo.

Sunansa a taƙaice LVAD. Ba a cire zuciyar mutum. Ana buɗe ƙirji a liƙa ɗan inji a gindin ɗakin hagu, ya zuƙi jini ya tura babbar jijiya. Waya na fitowa ta fatar ciki zuwa na'urar da ke sarrafa shi, da batura biyu da mutum ke ratayawa. Da farko don jiran dashe ake sa shi, kamar yadda aka sa wa tsohon mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney a 2010, ya zauna da shi har ya samu zuciya a 2012. Amma wani bincike da aka fitar a Amurka a 2001, kan mutum 129 da ba za a yi wa dashe ba, ya nuna bayan shekara guda kashi 52 cikin ɗari na masu famfo suna raye, masu shan magani kawai kuwa kashi 25. Daga nan aka fara sa shi don mutum ya zauna da shi iyakar rayuwarsa. Samfurin HeartMate 3, da Amurka ta amince da shi don haka a 2018, kusan kashi 58 na waɗanda aka gwada shi a kansu sun kai shekara biyar.

Abin da ya ɗaure mini kai, injin ba bugawa yake yi ba, jini yake turawa babu tsayawa. Don haka da yawansu in ka riƙe wuyan hannunsu ba za ka ji bugu ba, alhali suna zaune suna hira. Ni kuwa mutum nawa na kashe a littafi da cewa likita ya riƙe hannunsa ya girgiza kai?

Sai dai ba a banza ake samun waɗannan shekaru ba. Akwai maganin tsinka jini kullum, akwai fargabar zubar jini da shanyewar ɓarin jiki. Mafitar wayar nan sai an riƙa wankewa ana canza bandeji, in ba haka ba ta ɗauki ƙwayar cuta. Babu iyo, da dare kuma a jona da wutar gida. Har ma likitoci kan duba ko mutum yana da tsayayyen mai jinya kafin su yarda su sa masa. A nan na ga soyayyar da ban taɓa rubutawa ba: ta wanda zai tashi ƙarfe uku na dare don na'ura ta yi ƙara.

Wani dare aka ɗauke wuta, ina zaune ina yi wa ƙanwata fifita, na ba ta labarin famfon. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Yaya, ko kyauta aka ba ni, a ina za ki yi mini caji?" Na rasa amsa. Ko a can, aiki ne na maƙudan kuɗi da ƙwararrun asibitoci. Abin da ke hannunmu shi ne wanda muka yi sakaci da shi sati shida: kai maijego asibiti da zarar numfashinta ya canza, rage gishiri da kanwa, da shan magani ba fashi.

Yanzu tana goya ɗanta, kumburin ya sauka, likita ya ce wasu matan zuciyarsu kan farfaɗo. Muna jiran hoto na gaba. Ni kuma na koma kan littafin da nake rubutawa na yage babi guda, inda jarumata ta warke ranar ɗaurin aure. Za ku ɗan ƙara jira, ku yi mini haƙuri. Ku sa ƙanwata a addu'a.