Bulo 8 Da Ido Bai Gani Ba

A unguwar Fadaman Mada, cikin garin Bauchi, akwai wani magini wanda bai taɓa zama a aji ba. 'Yarsa tana shirin jarrabawar shiga sakandare, shi kuwa babban burinsa ta sami Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke nan Bauchi.

Ran nan da la'asar ya tarar da ita tana hawaye. An zana tulin akwatuna, 3 a tsawo, 3 a faɗi, 3 a tsaye, an ce a faɗi yawansu. Ta ƙirga na bayyane, ta sami 19, malami ya soke da jan biro.

Uban ya dubi zanen. Shi irin wannan ƙirga yake yi kullum kafin ya biya kuɗin bulo, in ya kuskure kuwa aljihunsa ke ji. Ya kai ta ƙofar gida, ya jera bulo 9, ya ɗora 9, ya ƙara 9.

Ya ce, "To, zaro mini na can ƙasa ta baya."

"Baba, ai na sama za su rufto."

"Ashe kin san yana nan."

Ta yi ta sauke su ɗai-ɗai, har 8 ɗin da zanen ya ɓoye suka fito, lissafi ya tashi 27. Kafin kiran magariba ta mayar masa da su, don da safe za a kwashe.