Abin Da Gwazarma Ta Jawo Mini

Ni mutumin Jajimaji ne, tsakanin Nguru da Gashuwa, ban taɓa ganin teku ba. Amma wata tsutsar teku ce ta gyara mini koyarwata, ga kuwa yadda aka yi.

Sa'ad da aka tura mu koyarwar gwaji, na ce wa 'yan aji biyar kowa ya zo da tsutsa. Kashegari suka kawo tana, da matsattsaku daga fadama, da gwazarma daga juji. Na zuba su faranti ɗaya, na ce, "Waɗannan duka dangi ɗaya ne, gama dogaye ne masu laushi." Sai wata yarinya ta ce, "Malam, ai kakata ta ce gwazarma ƙwaro ta ke zama, har ta yi fiffike. Tana ma haka ta ke yi?" Na rasa ta cewa, na ce ta zauna. Ran nan ko abinci bai yi mini daɗi ba.

Da na komo kwaleji na shiga ɗakin karatu, na tarad da ashe ba ni ne farkon yin wannan kuskure ba. Akwai wata tsutsa cikin teku, masana suna ce mata Serpula. Takan gina wa kanta bututu mai tauri a jikin dutse, ta zauna ciki, ta fito da wani abu kamar gashin tsuntsu tana tace abinci. A 1758 Linnaeus, mutumin Suwidin wanda ya tsara sunayen halitta, ya dubi bututun nan, ya sa ta cikin masu ɓawo irin na katantanwa. Daga baya aka duba jikinta sosai, aka ga gaɓa-gaɓa ne, da ƙananan gasu a gefe. Watau 'yar'uwar tana ce da matsattsaku. Har yau in za a rabe irinta da makusantanta, sai a duba murfin da ta ke toshe bakin bututunta, da siffar gasun nan a madubin ƙara girma.

Na koma aji na ce wa yara na yi kuskure. Muka sake dubawa tare. Tana da matsattsaku ba su da ƙafa. Gwazarma kuwa ga ƙafafu shida kusa da kanta, ɗiyar ƙwaro ce. Yarinyar nan ita ta fara ƙirga su.

To, 'yan'uwa malaman gobe, kama da wane ba wane ba ne. Kada mu rarraba halitta bisa ga gidanta ko kamarta daga nesa, sai mun juya ta mun duba. In kuwa yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfinmu, kada mu ce ya zauna kurum. Allah ya ƙara mana sani, amin.