Jan biron da na ja a kan amsar gaskiya

RNA zare ɗaya ne, don haka yakan naɗe ya kama kansa. Haruffansa huɗu ne: A, U, G da C. G na kama C da haɗin haidurojin uku, A na kama U da biyu. Wannan na haddace tun ina ɗalibi, da shi kuma na shiga aji da na fara koyar da ilimin sinadaran halitta. Daga nan na ƙirƙiro wa kaina ƙa'ida: in kana son sanin naɗin da ya fi ƙarfi, ƙirga haɗin haidurojin, mai yawa shi ne gaba. Babu littafin da ya ce mini haka. Ni na haɗa ta, kuma da yake RNA mai yawan G da C lalle ya fi jure zafi, ƙa'idar ta riƙa ba ni amsa daidai, ban koma na bincika ba.

A wata jarrabawa na ba ɗalibai gajerun zaren RNA biyu, ɗaya GCGC, ɗaya CGCG, kowanne manne da abokinsa. Na tambaya wanne ya fi kafuwa a zafin jiki, digiri 37. Amsar da na tanada ita ce daidai suke, tunda haɗi 12 ne a kowanne. Kusan duk ajin haka suka rubuta, na ba su maki. Ɗaliba ɗaya ta ce GCGC ya fi. Na ja mata jan biro, har na rubuta a gefe cewa ta koma ta karanta littafinta.

Da aka raba takardu ta same ni a ofis. "Malam, a yi haƙuri, ba gardama na zo yi ba. So nake a nuna mini inda na kuskure." Ta miƙo mini jadawalin Turner.

Na san sunan. Douglas Turner na Jami'ar Rochester a Amurka da abokan aikinsa sun yi shekaru suna dumama gajerun RNA a ruwan gishiri, suna auna zafin da suke warwarewa, bisa tsarin da Ignacio Tinoco da mutanensa suka kawo a 1971. Na sha ambatonsa a aji, amma ban taɓa zama na duba alƙaluman ba. Jadawalin ba ya ba haɗin harafi da abokinsa ƙima shi kaɗai. Kowane haɗi da maƙwabcinsa ake auna su. Inda G ya zo kafin C, makamashin da ake saki kilokalori 3.42 ne a kowane mol. Inda C ya zo kafin G, 2.36 ne. Na ɗauki biro na tara a gabanta: GCGC ya ba da 9.20, CGCG ya ba da 8.14. Na sake tarawa a hankali, ina fatan hannuna ne ya zame. Bai zame ba. Ratar 1.06 a digiri 37 tana nufin ɗaya ya fi ɗaya son zama a manne fiye da sau biyar.

Ta yi shiru tana tsaye, ni kuma ina kallon rubutun da na yi mata a gefen takarda.

Dalilin a fili yake, da na tsaya na yi tunani. Harafin da bai kama abokinsa ba ba a sake yake ba, yana riƙe da ruwa ta haɗin haidurojin ɗin nan. In ya saki ruwa ya kama abokinsa, musaya ya yi, ribar kaɗan ce. Babban ƙarfin daga jeruwar haruffan yake fitowa, domin shimfiɗaɗɗu ne, suna hawa kan juna kamar faranti a jere, kuma yadda suke dacewa ya danganta da wanda ke sama da wanda ke ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne hujjar tana cikin darasina. Ni da bakina na koya musu cewa in RNA ya warware, hasken da yake sha a nanomita 260 yana ƙaruwa saboda jerin haruffan ya rushe. Na faɗi wannan a mako ɗaya, na faɗi ƙa'idar ƙirge a wani makon, ban taɓa ajiye su kusa da juna ba, don ban ji buƙatar gwada abin da ke ba ni amsa da sauri ba.

Na ba ta haƙuri, na mayar mata da makinta. A darasi na gaba na yi lissafin a kan allo, na gaya wa ajin cewa waɗanda na ba maki amsar da na koya musu suka bayar, kuma ba daidai ba ce. Waɗanda suka wuce ta hannuna kafin ita kuwa sun tafi da ƙa'idar a littattafansu, wasunsu yanzu suna koyarwa.