Wasiƙa zuwa ga ƙanina kan ƙafar saniyar Inna

Zariya, cikin watan Agusta.

Ƙanina,

Saƙonka ya iso, cewa saniyar Inna tana ɗingishi da ƙafar baya ta dama, ta rage ci, nono ma ya ja baya. Layin wayar garinmu ka san halinsa, magana biyu sai ya tsinke, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ka ce mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ya ba ka allura. Ajiye ta tukuna. Shi bai ga saniyar ba, kai ma ba ka ɗaga ƙafar ka duba ba. Mafi yawan ɗingishin shanu daga kofato yake tasowa, ba daga cinya ko ƙugu ba, kuma ƙafar baya ya fi kamawa, musamman ɓangaren kofaton da ke waje. Idan ƙaya ce ko ƙusa ta shige, ko kwalba goma ka ɗura mata, tana nan inda take.

Ka fara da buɗe bakinta. In yawu na dalala, ga ƙuraje a harshe da dasashi, ga kuma wasu shanun unguwa suna ɗingishi, to ɓoru ne. Sai ka ware ta, ka raba mata wurin shan ruwa, ka sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Amma tunda ƙafa ɗaya ce, ban zaci shi ba.

Kada ka yi aikin kai kaɗai. Nemi mutum biyu masu ƙarfi, da sassafe kafin rana ta yi zafi. A ɗaure kanta gam a jikin dalbejiyar ƙofar gida, a bar ɗan maraƙin a gabanta don hankalinta ya kwanta. A sa igiya mai kauri sama da gwiwar ƙafar, a jefa ta kan reshe, a ja a hankali har ƙafar ta tashi. Ka tuna saniya ta gefe take harbi, don haka ka lura da inda ka tsaya. In dole sai an kayar da ita, a kayar a kan yashi, gefen dama a ƙasa, kuma a yi sauri, domin tumbinta a hagu yake, in ta daɗe kwance cikinta zai kumbura.

Wanke ƙafar da sabulu da buroshi har kashin shanu da taɓo su fita sarai, sannan ka buɗa tsakanin kofatan biyu, ka duba, ka sansana. In ka ga ƙayar bagaruwa, guntun waya ko tsakuwa, zare ta a miƙe, ka wanke ramin da ruwan ɗumi mai gishiri, ka zuba aidin. In kuwa fatar da ke tsakani ta tsage, tana wari mai tayar da zuciya, saman ƙafar ya kumbura daidai ta ɓangarorin biyu har kofatan sun yi nesa da juna, wannan ruɓewar ƙafa ce, ciwon damina. Laima ke sa fatar ta yi laushi, kara ko dutse ya yanke ta, ƙwayar cutar da ke cikin kashin shanu ta samu hanya. A nan ne allurar ke da amfani, kuma in an yi ta daidai, cikin kwana 3 zuwa 4 za ka ga ta fara taka ƙafar. Amma ma'aikacin dabbobi ya yi ta, gwargwadon nauyin saniyar. Rabin allura da mutanenmu ke yi don tsimi ita ke sa ciwo ya lafa ya dawo, magani kuma ya daina ci.

Akwai na uku, wanda ya fi wuyar ganewa. Ba wari, ba tsagewa, sai dai in ka ƙwanƙwasa tafin kofaton da ƙotar wuƙa, ta janye ƙafar da sauri a wuri guda. Mugunya ce ta taru a ciki. Sai an fere wurin an ba ta hanya, kuma wannan ba aikinka ba ne. Tafin ba shi da kauri, wuƙa ta ɗan zarce ka kai nama. Masu aikin sukan manna ɗan katako a ƙarƙashin kofaton da ke lafiya, nauyi ya koma kansa, mai ciwon ya huta.

Na san Kawu zai zo da shawarar baƙin mai ko lalas. Ka saurare shi da ladabi, ya fi mu daɗewa da shanu, amma kada a yi. Baƙin mai yana toshe bakin ciwo da datti a ciki, wuta kuma tana ƙona wurin da sabon kofato ke tsirowa. Ka ce masa ni na hana, in ya so mu yi ta da shi in na zo.

Abin da ya fi damuna shi ne turkenta. Tun bara nake ganin ruwan indararo a can yake taruwa, ta kwana tsaye cikin caɓi. Duk maganin da za ka sa, in ta koma cikin wannan taɓon, aikin baban giwa ka yi. Mayar da ita tudun bayan rumbu, ka zuba yashi, ka shimfiɗa buntun shinkafa, a riƙa kwashe kashi safe da yamma. Kada ta bi garke kiwo yanzu. A yanko mata ciyawa, a haɗa da dusa da ɗan kanwa, ruwa kuma a kusa da bakinta. In ka naɗe ƙafar da tsumma, kada ya wuce kwana 2, kuma da ya jiƙe ka cire, don jiƙaƙƙen tsumma gara babu. Ka riƙa fesa shuɗin maganin raunin dabbobi saboda ƙuda, kada tsutsa ta shiga.

Sai maganar nono, wadda na san Inna ba za ta so ji ba. Idan aka yi allurar, magani yana fita ta cikin nono. Ba a sha, ba a dama fura da shi, ba a kai kasuwa, sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika. Ka lallaɓa ta, ka ce abin da za ta rasa ni zan cika mata.

Mahauta za su fara zagayowa da zarar sun ji labari, su ce ba za ta tashi ba, su taya rabin kuɗi. Kada ka amsa musu. Kofato kimanin rabin santimita yake tsirowa a wata, saboda haka in rauni ne a jikinsa, cikewarsa sai an haɗa da watanni, ko da ɗingishin ya tafi da wuri. Abin da zai tayar mana da hankali ɗaya ne: bayan kwana 4 da magani ba sauƙi, kumburi ya karkata gefe guda yana hawa sama, ta ƙi ɗora ƙafar a ƙasa sam. Wannan alama ce ciwon ya kai gaɓa. A ranar ka kira likitan dabbobi, ka kira ni, mu yanke shawara da Inna.

Na ba direban da ke zuwa ranar kasuwa kuɗin aidin da na ma'aikacin dabbobi. In ka wanke ƙafar, ɗauki hotonta ta ƙasa da ta tsakani, ka turo mini ta WhatsApp kafin a yi komai. Ka gaida Inna da kyau, ka gaida Kawu da yara.

Naka,
Yayanka