Reshen da Na Tarar a Dundaye

Da yawa daga cikinmu a Sakkwato suna ɗauka cewa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda muke kira MSS, a Arewa aka haife ta. Alhali a Legas aka kafa ta, ranar 18 ga Afrilu, 1954, kuma ’yan sakandare ne suka aza tubalinta, Lateef Adegbite ya zama shugabanta na farko. A lokacin ko jami’a babu a garinmu. Sai a 1975 aka kafa Jami’ar Sakkwato, aka fara karatu a 1977, aka sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Ke nan reshen da na tarar a Dundaye, mazaunin jami’ar na dindindin, saiwarsa tana bakin teku.

Wanda ya fara kama hannuna a reshen wani Bayarabe ne ɗan aji uku. Shi ya nuna mini inda ake rajista, duk Asabar kuma ya tara mu ya koya mana lissafi, ko sisi bai karɓa ba. Da azumi ya kama, kwano ɗaya muke buɗa-baki, ni da shi da wani ɗan Okene. Tun a makarantar allo nake jin zancen ’yan’uwantaka, amma a bakin wannan kwanon na gan ta da idona.

Shekara biyu kafin MSS, a 1952, Wole Soyinka da abokansa shida sun kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami’a ta Ibadan, da nufin yaƙar ƙabilanci da girman kai. Daga baya wasu suka ɓalle, daga cikinsu aka samu ƙungiyoyin asiri masu rantsuwar dare da zubar da jini. Ƙishirwar dai ɗaya ce: yaro ya baro gida, yana neman waɗanda za su ce masa “kai namu ne”. Wanda ya riga miƙa masa hannu, shi zai bi.

Shi ya sa nake ganin reshe ba ya gama kafuwa. Bayan ’yan shekaru duk fuskokin sun sauya, sai sabbin shiga su sake kafa shi da halinsu.

Bana ƙanwata ta samu gurbin karatu. Abin da na ce mata kaɗan ne: duk ƙungiyar da ta kira ki, duba ko da rana take taro, ƙofa a buɗe, kuma ko za ki iya maimaita wa Inna abin da aka faɗa a wurin.