Awon gonar Baba

Da aka zo rabon gadon gonar Baba, ni aka miƙa wa tef ɗin awo, don na taɓa bin wani safiyo aiki na ɗan lokaci. Gabana ya faɗi. Gonar ba ta miƙe ba: ɓangaren gabas ya karkace wajen tsamiya, kudu kuma ta tsuke. Kawu ya ce a ninka tsawo da faɗi a huta. Na ce, "Kawu, a yi mini haƙuri, wannan lissafin na fili mai daidaitattun kusurwoyi ne. A nan zai ba mu ƙasar da babu ita."

Muka ja igiya daga kusurwa zuwa kishiyarta, mita 120, gonar ta rabu gida biyu, kowanne mai kusurwa uku. Daga igiyar zuwa tsamiya mita 50, zuwa turken kudu mita 40. Na haɗa 50 da 40 suka zama 90. Rabin 120 sau 90 ya ba ni murabba'in mita 5,400, rabin hekta da ɗoriya, tunda hekta 10,000 ce. Sau uku na maimaita shi a bayan kwalin sukari, hannuna na zufa, saboda kuskuren mita ɗaya a nan haƙƙin ƙannena mata ne.

Inna ta riga Baba rasuwa, mu maza biyu ne, mata biyu. Kaso shida ke nan, kowanne 900. Har yanzu ina jin ƙarar guduma lokacin da Yaya ya kafa turken farko, ƙannenmu mata na tsaye a inuwar tsamiya suna kallo.