Masar hatsi don yaron da alkama ba ta karɓa ba



Yau burodi ya shigo ƙauye. Ran kasuwa mai babur na kawo shi cikin buhu, mai shayi na yanka shi da safe, yara na kuka sai an saya masu. Taliya da makaroni ma sun samu wuri cikin tukunyar mata. Ban ce abin banza ne ba, ni ma ina ci. Amma akwai mutanen da alkama ke yi wa lahani, kuma akwai guda a gidana.

Ɗiyar ƙanena ce, muna riƙon ta. Tun da anka yaye ta take zawo. Ciki ya kumbura, ƙafafu sun sirance, ba ta girma kamar tsaranta. Anka ba ta maganin tsutsar ciki, abin bai bari ba. Da ta kai shekara 4 munka kai ta babbar likita a birni. Anka ɗebi jininta anka auna. Lokotoro ya ce: wannan cuta sunanta selyak. Maganinta guda ne, ta bar cin alkama har iyakar rayuwarta.

Ga yadda ya bayyana mani. Cikin alkama da sha'ir akwai wani abu da ake kira gulutan. Kowa na iya ganin shi. Ka kwaɓa garin alkama, ka yi ta wanke ƙullun cikin ruwa. Farin gari zai bi ruwa, wani abu mai danƙo ya saura a hannunka. Shi ne gulutan. Shi ke sa burodi ya tashi ya yi laushi. Yawancin mutane ba ya yi masu kome. Amma wajen mutum 1 cikin 100 a duniya, in ya ci, sai hanjinsa ya lalace, abinci ya riƙa wucewa jiki bai amfana ba.

Wani likitan yara na ƙasar Holand, Wilam Dike, shi ya gano tushen abin. A 1944 da 1945 anka yi yunwa can saboda yaƙi, burodi ya ɓace. Sai yaran da ke da wannan cuta sunka samu sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwo ya dawo. Kada ku ce cutar Turawa ce kaɗai. A 1999 likitoci sun bayyana sakamakon awon yaran Saharawi da ke zaman gudun hijira a Aljeriya, maƙwabciyarmu, inda garin alkama ne babban abinci. Sun tarar da fiye da yaro 5 cikin 100 na da ita.

Da munka dawo gida, abin da ya fi damun mu shi ne karin kumallo. Tuwon dare ba wuya. Amma da safe sauran yara na riƙe da burodi, ita tana kallo. Yaro ɗan shekara 4 ba ya jin dogon bayani. Sai uwargida ta ce: malam, a daina sayen burodi a gidan nan, kowa ya ci abu guda. Ta ɗauko tandar masa da ta daɗe a rataye.

Hatsi, dawa, masara, shinkafa, wake, rogo, duk babu gulutan cikinsu. Ke nan abin da yarinyar ke bukata yana cikin rumbunmu.

Ga yadda uwargida ke yi, ni na zauna na gani na rubuta. Rabin tiya na hatsi ya ishe mu, mu takwas. Tana surfe shi, ta wanke, ta rege tsakuwa, ta jiƙa tun da hantsi. Da la'asar a niƙa da ruwa kaɗan, ƙullu ya yi kauri. Sannan ta dafa kofi guda na shinkafa har ta yi luguf, ta bari ta huce, ta zuba cikin ƙullu ta dama sosai. In babu shinkafa, sai ta ɗebi ƙullun kaɗan ta yi talge da shi. Wannan wuri shi ne asirin aikin. Garin hatsi ba shi da danƙon alkama. In an soya shi haka nan, masa ta yi tauri ko ta wargaje. Dafaffar shinkafa ko talge su ke kama ƙullu, su riƙe iska a ciki, masa ta yi taushi.

Bayan haka ta zuba ludayi guda na ragowar ƙullun jiya. In babu, nono mai tsami na yi, makiyaya kuna da shi a ƙwarya. Ta rufe ta ajiye ya kwana. Lokacin zafi ƙullu na tashi da wuri. Da ɗari sai a ajiye shi kusa da murhu.

Da asuba za ka ga ya kumbura yana ƙamshin tsami. Ta jiƙa kanwa, ta tsiyaye ruwan, ta zuba kaɗan kaɗan tana ɗanɗanawa. Kanwa na kashe tsami, tana kuma ƙara kumfa. In ta yi yawa masa ta canja launi ta yi bauri. Sai gishiri, da sukari kaɗan ko yankakkiyar albasa. Tanda ta yi zafi, a ɗiga man gyaɗa a kowane gurbi, a zuba ƙullu. In gefe ya yi ja, a juya. Wuta kada ta yi ƙarfi, don kada baya ya ƙone ciki bai nuna ba.

Yara na ci da nono ko zuma. Ni na fi so da ƙuli-ƙuli da yaji. Ran da kaza ta yi ƙwai, a dafa wa yarinyar guda. Cikin wata shida zawo ya tsaya, kumatu sun ciko, ta fara tsere da tsaranta.

Wani amfanin ma ya biyo baya. A 2022, da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukren, kuɗin garin alkama ya hau. Gidanmu bai ji ba.

Amma akwai wuraren lura. Wasu masu masar sayarwa na ƙara garin alkama don ta yi laushi, saboda haka a tambaya kafin a saya. Man da anka soya fanke da shi, kada a soya wa mai wannan cuta masa a ciki. Injin niƙa ma, in an niƙa alkama kafin naka, ɓurɓushi na shiga. Mu mun fi son turmi da dutsen niƙa, ko mu kai inji bayan an niƙa hatsin mutane da yawa.

Kuma ba kowane zawo ba ne selyak. Tsutsa da ruwa maras tsabta sun fi yawa a ƙauyukanmu. In kana shakka, kai yaro likita yana kan cin abincinsa. In ka hana shi alkama kafin awo, jini ba zai nuna gaskiya ba.

Ku da kuke zuwa ajin yaƙi da jahilci, ga aikin wannan wata. Ku ɗauki ledar biskit, ko ta taliya, ko takardar dunƙulen miya, ku duba rubutun baya. Da Faransanci sunan alkama baƙi uku ne: blé. A kayan da ke zuwa daga Najeriya an rubuta wheat. Wani wuri kuma a rubuta gluten. Na rubuta su ukun a allon aji. Na rubuta su kuma da gawayi a bangon madafa, kusa da inda uwargida ke rataye tanda, don duk wanda anka aika kanti ya duba kafin ya fita.